Kwikwiyo mai cizo a wasa: a haɗa shi da babban kare ko a jira?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwikwiyo ɗan sati tara wanda bai san wasa ba sai da haƙori, ya dace a haɗa shi da babban kare ya koya masa hankali, ko a bari ya ƙara girma? Kuma in babban ya yi masa gurnani, a tsawata wa babban?

Maihoro: Wa alaikumus salam. Kada a jira, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da 'yan uwansa karnuka, abin da binciken masana halayyar karnuka Scott da Fuller a garin Bar Harbor na Amurka ya nuna ke nan, wanda aka buga a 1965. Bayan nan tsoron baƙon abu yake fara rinjaye. Sai dai ba kowane babban kare ne malami ba. A nemi wanda ya mallaki hankalinsa, ɗan shekara 2 zuwa sama, wanda aka riga aka ga yadda yake da ƙanana. Ana gane na kirki da cewa yana rage ƙarfinsa da kansa: ya kwanta ƙasa don tsayinsu ya zo ɗaya, ya bar ƙaramin ya hau shi, ya buɗe baki a wuyansa ba tare da ya datse ba. Matashin kare ɗan wata 8 ko 10 bai dace ba, shi ma neman mai koya masa yake.

Likita: Malam, kafin a kai ga wasa a duba allura. Rigakafin farko na fabo da distemfa, cututtukan karnuka masu yaɗuwa, ana yinsa ne a sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane sati 2 zuwa 4 har ya kai sati 16. Ba sai an gama duka ba kafin ya haɗu da wani kare. Kwana 7 bayan allurar farko, an kuma ba shi maganin tsutsar ciki, zai iya wasa da kare mai lafiya wanda allurarsa ta cika, a wuri mai tsabta. Abin gudu shi ne filin da karnukan da ba a san su ba suke kashi, don ƙwayar fabo tana daɗewa a ƙasa watanni da yawa. A duba babban ma. Tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi ko ciwon kunne zai kai cizo na gaske in aka faɗo masa a wurin ciwon, kuma ba mugunta ba ce, zafi ne.

Hajiya Mai Kiwo: Ga yadda za a yi haɗuwar farko. A kwashe kwanon abinci, ƙashi da kayan wasa daga wurin, sau da yawa a kansu karnuka suke faɗa. Mutum biyu, kowa da nasa kare, a yi tafiya gefe da gefe da tazarar taku biyar ko shida, ana matsowa a hankali. In sun zo sunsunar juna a sassauta igiya, domin igiyar da aka ja tana miƙar da wuyan kare, ɗayan ya ɗauka shirin faɗa ne. Sunsuna na daƙiƙa uku, a kira su, a sake. In jiki ya saki, a kwance su cikin wuri mai shinge, minti 5 zuwa 10 ya isa. A cire abin wuya mai sako-sako, muƙamuƙin ɗaya yana iya maƙalewa a ciki.

Maihoro: Batun gurnani kuwa, don Allah kada a tsawata wa babban. Darasin ke nan gaba ɗaya. Kare mai hankali ba ya fara da haƙori. Zai kau da kai, ya tashi ya bar wurin. In ƙaramin ya bi shi, ya sandare. In bai ji ba, ya ɗage leɓe, sannan gurnani, sannan ya kai cafka a iska kusa da fuskarsa. Ƙaramin zai yi ƙara kamar an yanka shi, ya kwanta ya nuna ciki, ka duba ba ko ƙwarzane. Bayan minti ɗaya ka ga ya dawo yana lasar bakin babban, jiki a sunkuye. To ya koyi inda iyaka take. In aka riƙa dukan babban saboda gurnani, zai daina gargaɗi, ranar da haƙurinsa ya ƙare sai dai a ga jini.

Dogo: Ashe kenan a ƙyale su kawai su sasanta kansu?

Hajiya Mai Kiwo: A'a ɗan'uwa, nan mutane suke kuskure. Horo na gaskiya gajere ne, daƙiƙa ɗaya ko biyu, ƙaramin na ja da baya babban ya ƙyale shi. In ya ci gaba da binsa bayan ya yi ƙara, ko ya danne shi ya ƙi ɗagawa, ko ya kama shi yana girgizawa, a raba su nan take, kuma a sauya malami. Firgita ɗaya a wannan lokacin tana iya sa kwikwiyo ya girma yana haushin duk karen da ya gani. Haka kuma in babban ya kau da kai sau biyu sau uku ƙaramin bai bari ba, mai shi ne zai ɗauke shi. Babban yana buƙatar wurin da ƙaramin ba ya iya shiga.

Maihoro: Ga gwaji mai sauƙi in an kasa gane wasa ne ko cin zali. A riƙe wanda yake bi, a saki wanda ake bi. In ya dawo da gudu yana neman ƙari, wasa ne. In ya tafi ya ɓuya ko ya shiga tsakanin ƙafafun mai shi, ya gaji. Wasa mai kyau ana musayar matsayi, yanzu wannan a sama, an jima wancan, kuma suna tsayawa su kakkaɓe jiki. A lura da durƙuson gayyata: ƙirji a ƙasa, ɗuwawu a sama, wutsiya na kaɗawa. Ma'anarsa duk abin da zai biyo baya wasa ne.

Likita: Ƙari biyu. Kwikwiyo yana barcin awa 18 zuwa 20 a rana, kuma wanda barci bai ishe shi ba ya fi cizo. In wasa ya fara zafi bayan minti goma, sau da yawa barci yake nema. Sannan daga wata 4 zuwa 6 haƙoran nono 28 suke zubewa, na manya 42 su fito, dasashi yana ƙaiƙayi, sai a ba shi abin tauna kafin a sake shi wurin babban.

Mai Tambaya: Allah ya saka da alheri. Kare ɗaya ya isa, ko a nemo wasu?

Hajiya Mai Kiwo: Ɗaya bai isa ba, zai iya da na gida kawai ya ruɗe in ya ga baƙo. A nemi uku ko huɗu masu hankali, namiji da mace, babba da matsakaici, ɗaya bayan ɗaya, sau biyu ko uku a sati. Kuma a sa ido daga wata 5 zuwa 6, lokacin manya suke rage yi masa uzuri, abin da suka ƙyale jiya yau za su yi masa gurnani a kai.