Neman kalma: me za mu kira fitar da tsohon miji daga bashin gida?

Jama'a, ku taimaka mini da wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya. Na raka wata baiwar Allah 'yar gida wurin lauya a nan Ingila, ina yi mata tafinta. Aurenta ya mutu, ga gidan da suka saya tare da mijin da kuɗin banki, abin da Turawa ke kira mortgage. Ita ce za ta zauna ciki da yara. Lauyan ya ce abin da za a yi sunansa transfer of equity, wato a mayar da kason mijin na gidan hannunta. Na juya na ce mata, "Hajiya, za a cire sunansa." Ta yi ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi. Sai da muka fito bakin titi na gane rabin magana na gaya mata.

Sunan mutumin nan a wuri biyu yake. Yana rijistar mallakar filaye da gidaje ta gwamnati, inda ake cike fom ɗin TR1 idan gida zai sauya hannu. Yana kuma cikin yarjejeniyar banki, kuma nan ne gizo ke saƙar. A wurin banki babu rabi da rabi: kowanne cikinsu duka bashin ne a wuyansa. Saki bai shafi banki ba, na Musulunci ne ko na kotu. Ko alƙali ya ce gida nata ne, banki bai zama dole ya saki mijin ba sai ya duba albashinta ita kaɗai ya ga zai ɗauki biyan wata-wata. Idan aka tsallake biya, tabon zai hau tarihin bashin su biyun, ya yi shekara 6 bai goge ba.

A Amurka ma abin ya fi muni. Mutum na iya sa hannu a takardar da suke kira quitclaim, ya bar gida gaba ɗaya, amma bashin na nan daram a kansa. An "cire sunansa", ai kuwa. To kun ga haɗarin kalmar.

Shi kansa mortgage ban sha wahala da shi ba. Muna da jingina, kuma da ita malamai ke fassara rahanu a karatun fiƙihu. Sai dai jinginar da na tashi na gani ta gona ce: kakana ya karɓi kuɗi, mai kuɗin ya riƙa noma gonar yana cin amfaninta har ranar da aka fanshe ta. A nan kuwa kai ne cikin gidanka, banki haƙƙin sayarwa kawai ya riƙe idan ka gaza. Na kan ji "lamunin gida" da "bashin gida" a rediyo, amma duka biyun sun ɓoye cewa gidan ne a ɗaure. Ni na tsaya kan bashin jinginar gida.

Fitar da mutum ɗin ce matsala. Wani malami ya ce mini "raba gari". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma garin ai an riga an raba shi tun ranar saki. Wata 'yar'uwa ta kawo "tsame hannu". Ta yi daɗi a baki, sai dai tana nuna kamar mutum ne ke ficewa don ra'ayin kansa, alhali sai banki ya yarda.

Abin da ya kwanta mini shi ne sallama, domin Hausa ta riga ta ba ta fuska biyu. Mukan ce wane ya sallama kasonsa, mukan kuma ce an sallami wane, kamar yadda ake sallamar majinyaci ko yaron shago da ya gama koyon sana'a. Ke nan miji ya yi sallamar mallaka, banki kuma ya yi masa sallamar bashi. Duk wanda ya ji "sallama biyu" zai tambaya ko an samu ta biyun.

Kuɗin da za ta biya tsohon mijin a kan kasonsa na gidan kuma mu kira shi fansar kaso. A ce gida ya kai fam 300,000, saura bashin 200,000. Abin da ke nasu 100,000 ne, in aka raba daidai ta fanshi kasonsa da 50,000, ko da yake kotu ba kullum take rabawa daidai ba.

Da daddare na kira Hajiya na warware mata da waɗannan kalmomi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ɗana, in banki ya ƙi sallamarsa fa?" Na ce sai ta nemi sabon rance a wani banki da sunanta kaɗai, ko a sayar da gidan. Ta ce in sake raka ta ranar Talata.

Mutanen Damagaram da Maraɗi da masu aiki a kotuna, in kuna da wadda ta fi sallama zama daidai, ku kawo kafin Talatar.