Na koyi rubuta manhaja, amma ko'ina sai a ce "ina ka taɓa aiki?"

Ɗan Nima: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na koyi yarukan rubuta manhaja na JavaScript da Python a intanet. Duk tallar aikin da na gani a LinkedIn da Jobberman, gogewar shekara biyu ake nema. Ta ina zan fara?

Yayan Maamobi: Wa'alaikumus salam ƙanena. Mai ɗaukar aiki so yake ya ga manhajar da wani ke amfani da ita da gaske. Nemi Islamiyya ko mai shago a kasuwar Nima a nan Accra, ka gina masa abu guda, misali rajistar kuɗin makaranta ko littafin bashi, ka ɗora a intanet. Haɗa shi da biyan MoMo (kuɗin waya) ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi a intanet, suna ba da makullan gwaji kyauta.

Ga inda sababbi ke tuntuɓe. Paystack da pesewa yake lissafi: sidi 50 ka rubuta 5000, in ka rubuta 50 rabin sidi zai cira. Kada ka yarda da "an biya" daga wayar mai saye, sai sabarka (kwamfutar da manhajarka ke gudana a kai) ta tambayi Paystack ta tabbatar. Makullin sirri na Paystack kuma ya zauna a fayil ɗin .env, inda ake ajiye saitunan sirri. In ya kuskura ya hau GitHub, shafin da ake ɗora rubutun manhaja, share shi bai wadatar ba, yana nan cikin tarihin sauye-sauye na Git, sabon makulli za ka ciro.

Anti Madina: CV shafi ɗaya, adireshin manhajar a can sama. Shekara biyun nan sau da yawa buri ne, in ka iya galibin abin da aka lissafa, tura kawai. A intabiyu za a sa ka bayyana rubutun manhajarka layi-layi, a tambaye ka JOIN a SQL, wato yadda ake haɗa teburan bayanai. Wanda AI ta rubuta masa bai fahimta ba, nan take asirinsa ke tonuwa. In ka gama jami'a, nemi kamfanin fasaha da wuri ka yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya a can, gogewa ce cikakkiya.

Ɗan Nima: Anti, ba ni da digiri fa.

Anti Madina: To ka riƙa zuwa tarukan GDG Accra da DevCongress, ƙungiyoyin masu rubuta manhaja, da kwamfutarka, ka nuna aikinka, domin ƙananan kamfanoni sun fi ɗaukar wanda wani ya shaida. MEST, makarantar fasaha da ke East Legon, ta fi karkata ga masu son kafa kamfani. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta MoMo kafin intabiyu, ɗan damfara ne, ka toshe lambarsa.