Dashbod zai iya raba mai aiki da mai zaman kashe wando?

Alhajin Zoo Road: Salamu alaikum jama'a. Ni fa na yanke shawara, daga wata mai kamawa dashbod, wato allon kwamfuta mai nuna alƙaluman aiki, shi ne zai raba gardama a ofishinmu. Yana nuna mini sau nawa manhajarmu ta kira API, wato ƙofar da take neman bayanai daga manhajar wani kamfani, da komit nawa, wato gyaran kod da aka adana, kowane yaro ya tura GitHub, shafin da muke ajiye kod ɗin manhaja. A can akwatin kowace rana kan yi kore in mutum ya tura komit, don haka wanda akwatunansa ba su yi kore ba, bai yi aiki ba. Lissafi ba ya ƙarya.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ai Git, manhajar da ake yin komit da ita, yana barin mutum ya sa wa komit duk ranar da ya ga dama. A dare ɗaya sai in mayar muku da shekara guda kore shar. Ko in yanka aikin awa ɗaya gida ashirin, ku ga kamar ba na barci.

Alhajin Zoo Road: Wannan ha'inci ne, kuma zan gane.

'Yar Kabuga: Alhaji, a bar ma zancen ha'inci. Wanda ya kwana yana farautar matsala ɗaya, ƙarshe ya goge layin kod ɗari biyu ya gyara guda, me allon zai ce a kansa? Wanda ya zauna kusa da sabon yaro yana koya masa fa? Tun 1975 wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura cewa da zarar an ɗora hukunci a kan ma'auni, ma'aunin ya tashi daga aiki, domin kowa shi zai koma bautawa.

Na Farm Centre: Ni rabina yana wajen Alhaji. Kar ku raina dashbod. Wani dare manhajarmu ta rikice, tana ta maimaita kira ɗaya ba tsayawa. A Grafana, manhajar dashbod ɗinmu, muka ga layin ya miƙe sama, ga amsar 429 tana ta zuba, wato kamfanin da ke da API ɗin na cewa kun cika kira. Kuma da dala ake cajinmu! Kun dai san zamanin kyauta ya wuce: Google Maps sun sauya farashi a 2018, Twitter ma sun sa wa tasu API kuɗi a 2023. Ko GitHub ɗin, kira 60 kacal yake bari a awa in ba ka shiga da makulli ba, wato lambar sirrin da ke shaida kai ne, 5,000 in ka shiga. In aka sace maka makulli ma, a allon za ka fara gani.

Ɗan Fagge: Yauwa Malam, wannan inji kake gadi, ba wanda ya musa. Amma duba nan: ƙwararre shi ne wanda zai ajiye amsar da aka riga aka karɓo, kira dubu ya koma ɗari, kuɗi ya ragu. A ma'aunin Alhaji shi ne malalaci. Tamkar a Kantin Kwari a biya yaron shago gwargwadon sau nawa ya sauke atamfa daga kanta, ko an saya ko ba a saya ba.

Na Farm Centre: Hhh, wallahi da ya wuni yana hawa tsani.

'Yar Kabuga: In auna aiki ake so, akwai ma'aunai huɗu na DORA, wani shirin bincike kan aikin masu haɗa manhaja: sau nawa ake fitar da sabon gyara, tsawon lokaci daga rubuta kod zuwa hannun jama'a, kashi nawa na gyaran ke ɓata abu, da saurin tayar da manhaja in ta faɗi. Rukuni gaba ɗaya suke aunawa, ba a yi su don a kama Audu a saki Garba ba. Sannan Alhaji, wa da wa ke iya buɗe allon nan? In lambobin wayar kwastomomi ko BVN suna fitowa a ciki, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanku.

Alhajin Zoo Road: Duk na ji. Amma ni ke biyan albashi, ga kuɗin dizal, ga data. Rabin yaran daga gida suke aiki, in ka tambaya a ce ba wuta. Da me zan gani?

'Yar Kabuga: Da abin da aka yi alkawari ranar Litinin da abin da ke aiki ranar Alhamis. Ku buɗe manhajar ku danna da hannunku.

Alhajin Zoo Road: Albashi dai ba zan rataya shi a kan kore ba, na ji wannan. Amma wanda na ga sati biyu fayau, sai ya zo ya yi mini bayani. Kai Ɗan Fagge, tunda bakinka ya fi na kowa, gobe ka shigo ka saita mana ƙararrawar da za ta buga in kira ya wuce kima.

Ɗan Fagge: In sha Allah, bayan la'asar. A tanadi kuɗin Adaidaita.