Sajena ya ƙi haɗuwa da gemu ta ɓangaren hagu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Gusau nake, maganar gemu ce ta ishe ni.

Fuskata mai faɗi ce, ga kumatu. Ba na son cikakkiyar ƙasumba irin wadda kowa ke bari. So nake siririn saje ya biyo muƙamuƙi ya haɗu da gemu mai ɗan tsini a haɓa, gashin baki kuma a rage shi sosai. Amma a kuncin hagu akwai wani fili kamar murfin kwalba da gashi ba ya fitowa sam, layin na zuwa nan sai ya yanke.

Wata uku na bar shi ban taɓa ba. Dama ta cika, hagu tana nan yadda take. Wanzamina ya sauke layin ƙasa da aska don ya kauce wa filin, sai fuskar ta ƙara faɗi, wuyana kuma ya feso ƙuraje masu ƙaiƙayi har mako biyu. Man kaɗanya da nake shafawa safe da dare laushi kawai ya sa wa gashin.

Don Allah, idan na cire sajen gaba ɗaya na bar gemun haɓa kaɗai, zai dace da faffaɗar fuska irin tawa?