Shin Gudu Mai Tsanani Yana Raunana Garkuwar Jiki?

Malam Habu: Wani mai horar da 'yan ƙwallo ya ce mini duk wanda ya gallabi jikinsa da gudu mai nisa, garkuwar jikinsa kan yi rauni na wasu sa'o'i har cuta ta sami ƙofar shiga. Na yarda da shi, domin masanin kimiyyar motsa jiki David Nieman ya bi sawun waɗanda suka yi gudun yada-ƙanin-wani na Los Angeles a 1987, ya tarar kusan kashi 13 cikin 100 sun yi fama da mura ko ciwon maƙogwaro a makon da ya biyo baya, alhali cikin takwarorinsu da suka yi atisaye amma ba su shiga gasar ba, kashi 2 ne kacal.

Hajiya Rabi: Malam, alƙaluman gaskiya ne, sai dai mutanen ne da kansu suka rubuta a takardar tambayoyi cewa ba su da lafiya, ba gwaji ne ya tabbatar da ƙwayar cuta ba. Kuma wanda ya yi doguwar tafiya, ya kwana bai yi isasshen barci ba, sannan ya cakuɗu da dubban mutane, yana iya kwasar mura ko bai yi gudu ba. A 2018 John Campbell da James Turner na Jami'ar Bath a Ingila sun nuna cewa raguwar fararen ƙwayoyin jini da ake gani sa'a ɗaya ko biyu bayan gudu ba mutuwa suke yi ba, ƙaura suke yi zuwa huhu da hanji inda cuta ta fi shigowa, kuma yawanci adadinsu yakan dawo daidai cikin kwana guda.

Malam Habu: Hajiya, ko ƙaura suka yi, ai gudu mai tsawo yana ɗaga kotizol, sinadarin da jiki ke fitarwa idan ya shiga matsi, kuma an san yawansa yana dakushe aikin garkuwa. Wannan fa?

Isiyaku: Ina neman izinin manya in sa baki. Nakan fita gudu bayan sallar asuba, kuma duk hunturu sai na wayi gari da tari da kaushin maƙogwaro, na ɗauka mura ce. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, kuma da na koma fita da yamma ina rufe hanci da ƙyalle, tarin ya lafa. Ƙura da busasshiyar iska ne suka ƙona mini maƙogwaro, amma da an ba ni takardar tambayoyi irin ta Nieman, da na rubuta cewa na kamu.

Hajiya Rabi: Kotizol yana tashi, Malam, ban musa ba, musamman ga wanda bai ci abinci sosai ba. Amma wannan batun mai gudun kilomita 42 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki ta tsara wa baligi a mako, kuma shi kansa Nieman yana ganin wannan adadin yana rage kamuwa da mura.

Malam Habu: A kan matsakaici ba mu da saɓani. Yaran da ake sa wa atisaye sau biyu a rana ba hutu, su nake jiye wa.