Tabon maiɗakina ya kumbura bayan haihuwa, surukata ta ɓoye maganin kuturtar

Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a ɓoye sunana.

Ni tela ne a nan cikin birnin Katsina. Maiɗakina tana da ciki wata shida muka lura da wasu tabbai masu haske a bayanta da cinyarta, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Mun shafa maganin makero har muka gaji. Da muka je asibiti sai aka sa ta rufe ido, aka riƙa goga mata auduga a wurin, ba ta ji ba. Aka lalubi jijiyar gwiwar hannunta, aka ce kuturta ce, za ta sha magani wata goma sha biyu. Daga ni sai ita sai mahaifiyarta muka san zancen.

Ta haihu lafiya, yau kwana talatin da biyu, tana gidansu wanka tunda haihuwar fari ce. Kwana biyar da suka wuce tabban nan suka tashi, suka yi ja suna ƙyalli, in ka ɗora hannu sai ka ji ɗumi. Gwiwar hannunta ta dama tana yi mata zugi, ba ta barci. Jiya a gabana kofin kunun kanwa ya suɓuce mata, ta ce ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba sa riƙo. Surukata ta ce maganin asibiti ya fi ƙarfin mai jego, ta ɗauke katin ƙwayoyin ta ɓoye, kwana biyu ke nan ba ta sha ba, wai za ta karɓo jiƙo. Kun san surukuta, ba na iya ɗaga mata murya. Ni ma kuma na fara shakka, don kafin a fara maganin ba ta taɓa jin ciwo ba. Mu daina ne, ko ya za mu yi?

Maman 'yan biyu: Allah ya ba ta lafiya, ya raya jariri. Malam, kada a raina maganar manya. Jikin mai jego ɗanye ne, a bari ta yi arba'in sannan ta ci gaba, saura kwana takwas ne fa.

Ma'aikacin lafiya, Daura: Hajiya ki yi haƙuri, kwana takwas ɗin nan su ne ba mu da su. Malam, gobe da sassafe ka kai ta inda take karɓar magani, ko ka wuce asibitin masu kuturta na Babbar Ruga kai tsaye, ka tafi da katin ƙwayoyin. Abin da ka kwatanta mun saba ganinsa, kuma ba alama ba ce ta cewa magani ya ƙi ta ko cutar ta ƙaru.

Ƙwayar kuturta tana zama a fata da cikin rufin jijiyoyi. Magungunan nan uku, rifamfisin da dafson da kilofazimin, suna kashe ta, amma gawarwakinta ba sa fita daga jiki nan da nan, sukan ɗauki watanni har shekaru kafin jiki ya share su. Garkuwar jiki kuwa ba ta bambance rayayyiya da matacciya. Lokacin goyon ciki wani sashe na garkuwar yakan lafa, don kada jikin uwa ya ɗauki ɗan cikinta a matsayin baƙo. Da an sauka sai ya farfaɗo da ƙarfinsa, ya tarar da ɓurɓushin ƙwayar a fata da jijiya, ya afka musu. Kamar mutum ne ya bi ɓera cikin rumbu da wuta: ɓeran zai mutu, amma hatsin fa? Jan da kumburin da kake gani a tabon faɗan ne, kuma irinsa ake yi a cikin jijiyar inda ido ba ya gani. Jijiyar da ke ciyar da waɗannan yatsu biyu tana bi ta wani matsattsen lungu a bayan ƙashin gwiwar hannu, wurin da in ka bugu kake jin kamar lantarki. In ta kumbura ba ta da inda za ta faɗaɗa, sai ta shaƙe. Shi ya sa kofi ya faɗi.

Maganinsa firednisolon ne, ƙwayar da ke kwantar da kumburi, ana farawa da yawa a riƙa ragewa a hankali har kusan mako ashirin, tare da ci gaba da maganin kuturtar. In aka fara da wuri akan ceto jijiyar. In aka yi sakaci ta yi wata shida a haka, da wuya ta dawo, yatsun su lanƙwashe.

Mai tambaya: Na gode likita. To ai kamar maganin ne dai ya jawo, tunda shi ya kashe ƙwayar?

Ma'aikacin lafiya, Daura: Ba likita ba ne ni, ma'aikacin sashen tarin fuka da kuturta ne. Akwai masu zuwa mana da wannan kumburi tun ba su taɓa haɗiyar ƙwaya ko ɗaya ba, shi ne ma yake kawo su asibiti. Akwai kuma wanda yake tasar wa bayan ya gama magani. Daina sha ba zai kwantar da kumburin ba, sai dai ya bar sauran ƙwayoyin da rai. Wuri ɗaya nake cewa a tsayar da maganin a ruga asibiti: in an ga idonta ya yi ruwan ɗorawa kamar mai ciwon shawara, ga zazzaɓi, ga ƙuraje sun feso duk jiki fata na saɓulewa. Wannan jiki ne ya ƙi dafson, kuma yawanci a makonnin farko yake zuwa. Ita tana wata na biyar, kuma ba haka ka faɗa ba.

Ɗan kasuwar waya: Wannan firednisolon ai kowane kemis akwai, ba tsada. Ka saya ka fara ba ta yau, ka huta da layin asibiti.

Malamar jinya, Mashi: A'a wallahi. Danginsa ne 'yan mata suke sha don ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe, kuma muna ganin yadda suke ƙarewa. Yana tayar da ciwon suga da hawan jini da gyambon ciki, in akwai tarin fuka a kwance ya tashe shi. Kafin a fara ana auna nauyinta, a duba suga, a ba ta maganin tsutsar ciki, a gwada ƙarfin kowane yatsa a rubuta, don in ta dawo bayan mako biyu a san ko ana samun sauƙi. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Wanda ya sha na kemis kwana biyar ya ga tabo ya sace ya ajiye, ciwon yakan dawo masa ya fi na da.

Wanda ya warke: Ni na sha maganin nan na gama, ga ni ina tuƙa motata Katsina zuwa Kongolam, yatsuna goma cif. Nawa ba irin na matarka ba ne. Ni ƙululai ne jajaye suka fito mini a hannu da cinya da fuska, masu zafi kamar an ɗora garwashi, ga zazzaɓi, ga ciwon gaɓɓai, ido ɗaya ya yi ja ba na son haske. Aka ce mini wannan shi ne nau'i na biyu na kumburin, irin na matarka shi ne na farko, yana samun masu ƙwayar da yawa a jiki: sinadaran garkuwa ne suke manne wa ɓurɓushin ƙwayar su dunƙule, su maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Ya tafi ya dawo mini sau uku. A na biyun na yi fushi na jefa katin a bayan akwati, na tafi wajen mai magani a ƙauye, na yi asarar tunkiya da wata guda. Abin da ya fi damuna ma a lokacin baƙin da na yi, mutane suna tambaya ko aikin gawayi na koma. Kilofazimin ne, ya washe bayan na gama. Ka gaya wa matarka tun yanzu, don mata sun fi mu jin wannan.

Inna daga Sabuwar Unguwa: Ɗana, ni ba boko na yi ba, jikata ke rubuta mini. Duk ba wanda ya yi maganar ruwan wanka. Wadda fatarta ba ta ji, tafasasshen ruwa da ganye zai sale ta ba ta sani ba, sai an ga ƙuna. A sirka ruwan, wani ya fara sa hannunsa. Kada ta kwanta gashi a kan wuta, kada ta ɗauki tukunya da wannan hannun. Surukarka kuma tsoro ne ya kama ta, 'yarta ce. Kada ka je da kanka kuna musu. Ka nemi yayanta ko ƙaninta, kawun yarinyar, shi ya karɓo katin, kuma ku tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta.

Mai tambaya: Inna na gode, Allah ya ƙara girma. Saura jaririn. A cire shi daga nono?

Malamar jinya, Mashi: Kada a cire. Tana shan maganin tana shayarwa, ba laifi. Wani jaririn fatarsa takan ɗan yi duhu saboda kilofazimin, tana washewa. Wanda ya fara magani ya daina yaɗa cutar, balle ita da ta yi wata huɗu tana sha, kuma yawancin mutane jikinsu ba ya ma kamuwa ko sun zauna da mai ita. A tabbata an yi masa allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka. Kai da mutanen gidansu ku bari a duba fatarku, akwai rifamfisin na sha ɗaya da ake ba makusanta daga shekara biyu zuwa sama. Maganin kuturtar kyauta ne tun 1995, kada ka ba kowa kuɗinsa.

Maman 'yan biyu: To na janye tawa. Ban san abin har jijiya yake taɓawa ba.

Mai tambaya: 'Yan zaure, mun je. Kawunta ya karɓo katin, a cikin kwallar surukata yake ƙarƙashin zannuwa. An gwada hannun, an ce jijiyar ce ta kumbura, an fara mata firednisolon, an rataye hannun da ƙyalle an ce ta hutar da shi. An duba idonta ma, yana rufuwa daidai. Surukata ta zauna a benci ba ta ce uffan ba, sai da za mu fito ta tambayi ma'aikacin ko kunun kanwa yana karya maganin. Jiya ta yi barci har asuba. Yatsun har yanzu ba su riƙe cokali ba, an ce mu koma bayan mako biyu.