Ina kuddin manyan kulob ke shiga ne?

Dan Ader:
Salamu alaikum yan uwa. Jiya a fada nan Tahoua muna shan shayi gardama ta kaure, abokina ya ce Barça ba ta da ko dala, na ce haba, kulob din da har yaran unguwarmu ke yawo da mayo dinta? Amma da na tuna yadda Messi ya tahi 2021 yana hawaye sai jikina ya yi sanyi. Don Allah masu sani ku warware mani.

Na Yantala:
Wa alaikumus salam dan uwa. Abokinka bai yi karya ba, shekarar 2021 din Laporta shugaban kulob din da bakinshi ya ce bashin da ke kansu ya kai yuro miliyar 1.35. Kuddi na shigowa ta tele da tikiti da talla, amma albashin yan wasa ya hadiye su, ga korona ta zo anka rufe filaye, 2022 sai da sunka saida kashi 25 cikin dari na kuddin telensu na La Liga har shekara 25, kamar manomi ne ya saida hatsi tun yana gona. Abin mamakin ma 2017 PSG ta ba su yuro miliyan 222 kan Neymar, sama da sefa miliyar 145 ke nan, sunka zuba su kan Dembélé da Coutinho.

Hajiya Madrid:
Kane, ba Barça kadai ba. Bordeaux da ta dauki kofin gasar rukuni na daya ta Faransa sau 6 bashi ya kada ta 2024 har rukuni na hudu, wallahi abin ya taba ni don marigayi babanmu ita yake so. Ingila ma an zabge ma Everton maki saboda hasara ta wuce iyaka.

Tsohon gola:
Ku dubi gida mana. AS FAN ta sojoji, AS GNN ta dakarun garde nasiyonal, Douanes ta yan duwan, Nigelec ta kamfanin wuta, duk akwai ma'aikata bayansu, kuddin kofa ba su rike kowa. Na yi wasa a wata karamar kulob, ranar da Alhajin da ke daukar nauyinmu ya janye hannu ko kuddin mota zuwa Niamey ba mu samu ba, wata ukku babu albashi har na aje safar hannu na koma kasuwa.

Dan Ader:
Allah sarki babban yaya, Allah shi maida alheri. To su PSG fa, ranar da Katar da ke zuba masu kuddi ta gaji mi za ya faru?